Jaridun Ɗalibai a Manyan Makarantu da Nauyin da ke Kan Hukumomi

A 'yan shekarun nan ba baƙon abu ba ne ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, ko dagaci a wani ƙauye, ya ga matashi ɗauke da littafin rubutu da wayar hannu yana neman bayani a kan rijiyar burtsatsen da aka ce an haƙa, ko ajujuwan firamaren da aka ware wa kuɗin gyara. Idan aka tambaye shi daga wace kafa yake, sai ya ce shi ɗalibi ne, kuma jaridar makarantarsu yake yi wa aiki. Wasu jami'an kan karɓe shi cikin mutunci su ba shi amsa, wasu kuwa sukan sallame shi da cewa ba a maganar gwamnati da yara. Iyaye ma a karkara hankalinsu kan tashi idan suka ji ɗan da suka tura karatu ya shiga harkar rubuce-rubuce, don gudun kada ya jawo wa kansa kora. Wannan ya sa ya dace a yi nazari a kan wannan aiki, asalinsa da amfaninsa da kuma inda yake da rauni.

Aikin jarida a tsakanin ɗalibai ya girmi 'yancin kan ƙasar nan. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a shekarar 1948, tana da mujallar ɗalibai mai suna University Herald, kuma a cikinta ne marigayi Chinua Achebe ya fara fitar da rubuce-rubucensa, har ya kai ga zama editanta tun kafin duniya ta san shi da rubutun littattafai. A shekarar 1958 kuma wani ɗalibin, J.P. Clark, ya zama editan farko na mujallar The Horn, wadda ta riƙa buga waƙoƙin matasan da daga baya suka zama manyan marubutan Nijeriya. Koyar da aikin jarida a matakin jami'a ya fara ne a Nsukka a shekarar 1961, daga nan ya bazu zuwa sauran jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, ciki har da na Arewa. Sashen koyar da aikin jarida na Jami'ar Bayero da ke Kano ya daɗe yana fitar da jaridar Bayero Beacon domin horar da ɗalibansa, yayin da a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ƙungiyoyin ɗalibai 'yan jarida, irin su Pen Press, suka yi suna wajen yaye matasan da a yau suke aiki a manyan kafafen watsa labarai na ƙasa.

Ya kamata mai karatu ya lura da cewa jaridun nan ba iri ɗaya ba ne, domin rashin bambance su shi ne tushen yawancin saɓanin da ake samu. Akwai jaridar sashe, wadda malamai ke kula da ita, kuma tamkar ɗakin gwaji take ga ɗaliban aikin jarida; maki ake ba su a kanta. Akwai ta ƙungiyar ɗalibai, wadda bakin shugabannin ƙungiyar ce, rayuwarta kuma a ɗaure take da rayuwar ƙungiyar. Duk lokacin da aka rusa ƙungiya, kamar yadda gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa bayan zanga-zangar 1978, to, bakinta ma ya rufe ke nan. Sai kuma ta uku, wato ƙungiyoyin marubuta masu zaman kansu, waɗanda mambobinsu kan fito daga kowane sashe, daga masu karatun shari'a har zuwa masu karatun noma, suna haɗa kuɗi daga aljihunsu. Wannan rukuni na uku shi ne ya fi yawan shiga takun saƙa da hukumomi, kuma shi ne ya fi tono abubuwan da ake son a rufe.

A zamanin da muke karatu a kwalejin kimiyya da fasaha, jaridarmu ba ta wuce 'yan takardu da ake bugawa da tafireta a liƙa a allon sanarwa na bakin ɗakin cin abinci ba. Amma duk ranar da aka liƙa sabuwa, sai ka tarar da cincirindon ɗalibai tun da sassafe, kuma idan rana ta yi, malamai su ma su ratso ta wurin kamar hanya ce ta biyo da su. Labarin famfon da ya yi makonni ba ya kawo ruwa, da zarar ya hau allon nan, yakan samu mai gyara cikin 'yan kwanaki. A yau allon ya koma cikin wayar hannu, masu karatu kuma sun wuce katangar makaranta, amma aikin bai sauya ba.

Amfani na farko, kuma mafi bayyana, shi ne horo. Ba a koyon aikin jarida a aji kaɗai, kamar yadda ba a koyon noma a kan allo. Ɗalibin da ya taɓa rubuta labari aka mayar masa da shi sau uku saboda bai ji ta bakin ɗaya ɓangaren ba, ko ya rubuta sunan mutum ba daidai ba aka zo aka tsare shi a bakin ɗakin kwana ana neman bayani, ya koyi darasin da ba zai manta ba. Gidajen rediyo da talabijin na jihohi, da ma'aikatun watsa labarai, da ofisoshin jami'an watsa labarai na ƙananan hukumomi, duk daga wannan rumbu suke ɗiban ma'aikata. Idan rumbun ya zama wayam, su ne za su fara ji a jikinsu.

Amfani na biyu ya shafi hukumar makaranta ita kanta, ko da yake sau da yawa ba ta kallon abin ta wannan fuska. Shugaban makarantar da ke da ɗalibai dubbai ba zai iya sanin abin da ke gudana a kowane ɗakin kwana da kowane ɗakin jarrabawa ba, kuma na ƙasa da shi ba kasafai suke kai masa labarin da zai nuna gazawarsu ba. Cunkoso a ɗakunan kwana, da jinkirin fitar da sakamako, da tilasta sayen takardun darasi, da malamin da ke neman lalata da ɗalibai mata a madadin maki, duk abubuwa ne da ɗalibai suka sani tun kafin su isa ofishin shugaba. Idan akwai jaridar da za ta faɗe su cikin tsari, da suna da hujja, hukuma ta samu damar gyara tun wuri. Idan babu, maganar ba ta mutuwa. Komawa take yi jita-jita, jita-jitar kuma ita ce kan rikiɗe ta zama zanga-zangar da ke jawo rufe makaranta, iyaye su yi asarar kuɗin mota da na abinci, yara kuma su yi asarar zango.

Duk da haka, tarihi ya nuna cewa hukumomi sun fi saurin hukunta mai rubutu fiye da duba abin da ya rubuta. A shekarar 2018 Jami'ar Ibadan ta dakatar da wani ɗalibin shari'a na tsawon zango biyu, saboda wani rubutu da ya yi a 2016 game da lalacewar ɗakunan kwanan ɗalibai, wanda jaridar Guardian ta buga. Hukuncin ya jawo suka daga ƙungiyoyin 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan Adam a faɗin ƙasa, labarin ɗakunan kwanan kuma ya isa kunnen mutanen da ba su taɓa ganin rubutun farko ba. A ƙasar Amurka kuwa, rahotannin da jaridar ɗalibai ta Jami'ar Stanford ta fara bugawa a ƙarshen 2022, game da kura-kurai a wasu binciken kimiyya masu ɗauke da sunan shugaban jami'ar, Marc Tessier-Lavigne, sun sa hukumar jami'ar ta kafa kwamitin bincike. Kwamitin bai same shi da laifin ƙirƙirar sakamako da hannunsa ba, amma ya gano cewa bai tsaya tsayin daka wajen gyara kura-kuran ba, kuma a watan Yulin 2023 ya sanar da murabus ɗinsa. Bambancin al'amuran biyu yana ga abin da hukuma ta zaɓa ta bincika: a ɗaya an binciki marubucin, a ɗayan an binciki maganar.

Inda lamarin ya shafi karkara kai tsaye shi ne fitowar waɗannan ɗalibai daga harabar makaranta. A shekarar 2017 cibiyar binciken ƙwaƙwaf ta jaridar Premium Times, wadda daga baya ta sauya suna zuwa CJID, ta ƙaddamar da shirin Campus Reporter domin horar da ɗalibai 'yan jarida, sannan a 2018 ta fara shirin UDEME na bin diddigin ayyukan mazaɓu da aka sanya a kasafin kuɗi. Ta irin waɗannan shirye-shirye ne ɗalibai suka riƙa shiga ƙauyuka suna duba ko asibitin da takarda ta ce an gina yana nan a ƙasa. Manyan jaridu yawanci wakili guda suke ajiyewa a babban birnin jiha, kuma ba ya isa ko'ina. Ɗalibin da ya dawo gida hutu kuwa ya san hanya, ya san harshe, ya san wanda zai tambaya. Tun bayan hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 game da 'yancin ƙananan hukumomi a kan kuɗaɗensu, tambayoyin da ake yi wa wannan mataki na gwamnati ƙaruwa za su yi, kuma wani kaso daga cikinsu daga bakin ɗalibai zai fito.

A nan ya kamata jami'ai su san matsayin doka. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayi da karɓa da isar da bayani, bai kuma ware ɗalibi ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane mutum damar neman bayani a rubuce daga hukumar gwamnati ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma wajabta wa hukumar amsawa cikin kwana 7, in ban da bayanan da dokar ta keɓe, irin su na tsaro da sirrin rayuwar mutum. Dokar ta tanadi tarar Naira 500,000 idan kotu ta tabbatar an hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. An daɗe ana jayayya a kan ko dokar tana aiki a jihohi, amma a shekarar 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Saboda haka jami'in da ɗalibi ya zo wa da tambaya, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya nemi ganin katin shaidar makarantarsa, ya haɗa shi da jami'in watsa labarai na ƙaramar hukuma, a ba shi amsa a rubuce. Amsar da aka bayar a rubuce tana kare jami'in ma daga a juya masa magana.

Ba za a ce su ɗaliban ba su da nasu laifin ba. Gaggawa ita ce babbar cutar mai koyo, wayar hannu kuma ta ƙara mata ƙarfi, domin a da akwai edita da mai buga tafireta tsakanin rubutu da fitarsa, yanzu kuwa danna maɓalli ne kawai. Ana samun masu buga zargi ba tare da neman jin ta bakin wanda ake zargi ba, da masu mayar da jarida fagen rama gayya a kan malamin da ya kayar da su, da waɗanda 'yan siyasa ke saye da kuɗin kati a lokacin zaɓe. Ya kamata su sani cewa katin ɗalibta ba ya kare kowa daga shari'ar ɓata suna, kuma sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, duk da gyaran da aka yi masa a 2024, har yanzu ana kama mutane da shi. A makarantun da ke haɗa mabiya addinai da ƙabilu daban-daban kuwa, labari guda da ba a tantance ba yana iya tayar da wutar da ba mai iya kashe ta. Maganin wannan shi ne gogaggen malami mai ba da shawara, wanda zai duba hujja da lafazi, ba wanda za a ɗora domin ya soke duk abin da ya taɓa hukuma ba.

Wani giɓin da ba a cika magana a kansa ba shi ne na harshe. Kusan dukkan jaridun ɗalibai da Turanci suke fita, har a makarantun da ke tsakiyar ƙasar Hausa, waɗanda kuma suke da sassan koyar da Hausa. Abin mamaki ne a ce yankin da ya samar da Gaskiya Ta Fi Kwabo tun a 1939, a ƙarƙashin editancin Malam Abubakar Imam, ɗalibansa ba sa iya ware shafi biyu domin iyayensu. Labarin rijiyar da ba a haƙa ba, idan da Turanci aka rubuta shi, mutanen Abuja za su karanta, amma matan da ke tafiyar kilomitoci neman ruwa ba za su san an yi maganarsu ba. Gidajen rediyon jami'o'i, waɗanda na Jami'ar Legas ya buɗe wa hanya a 2004, irin su BUK FM na Kano, sun fi kusa da cike wannan giɓi, tun da rediyo shi ne abokin manomi da makiyayi.

Makarantu mallakar jihohi suna da damar yin abin da bai buƙatar kuɗi mai yawa. Hukumar gudanarwar kowace kwaleji tana iya rubuta ƙa'ida bayyananna a littafin dokokin ɗalibai, wadda za ta amince da ƙungiyar 'yan jarida, ta fayyace cewa wanda rubutu ya ɓata wa rai yana da haƙƙin a buga martaninsa a wuri guda, ta kuma tanadi cewa ba za a gurfanar da ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa a kan rubutu ba sai an fara tantance ko abin da ya faɗa gaskiya ne. Gidajen rediyon jiha kuma suna iya ware rabin sa'a a mako domin rahotannin ɗalibai da Hausa, a ƙarƙashin kulawar editocinsu, su kuma ofisoshin watsa labarai na ƙananan hukumomi su riƙa karɓar ɗaliban da ke zuwa koyon sanin makamar aiki, maimakon a bar su duka suna cunkushewa a babban birnin jiha.