Amanar Tufafi a Hannun Masu Shagon Dillanci



Sharhinmu na yau ya shafi wata sana'a wadda kowa ya san da zamanta, amma ba kowa ke son a gan shi tsaye a bakin ƙofarta ba, watau cinikin tufafin da aka riga aka sa, musamman a irin shagunan nan da suka yawaita a biranenmu, inda mutum zai kai rigarsa ko zanensa a sayar masa, mai shago ya cire la'ada, ya miƙa masa abin da ya saura. Koke-koken da ake ji a kan yadda waɗansu masu shagunan ke mu'amala da jama'a sun kai a tsaya a dube su da idon basira, domin al'amarin ya taɓa amana, ya kuma taɓa mutuncin bayin Allah waɗanda larura ce ta fito da su.

Dillanci dai tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta daɗe da sanin dillalan riguna masu saɓa babbar riga a kafaɗa suna zagawa suna neman tayi. Cikin gidaje kuwa dillaliya ce ke ɗaukar ƙunshin zannuwa daga ɗakin wannan matar kulle zuwa ɗakin waccan, ta kawo tayi, mai kaya ta ce albarka ko ta sallama. Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne sanayya, gama an san gidan dillaliya, an san mijinta da 'ya'yanta, mai unguwa ya san ta, ita ma ta sakankance cewa ranar da ta ci amanar gida ɗaya, ƙofofin unguwa duka za su rufe gare ta.

Yau zamani ya sauya. Masaƙun Kaduna da na Kano sun durƙushe, sabon yadi ya yi tsada, dilolin gwanjo daga Turai da Amurka da ƙasashen Asiya suna sauka a tashoshin Kwatano da Lome suna ratso iyaka, duk da kasancewar tsofaffin tufafi cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su Nijeriya, har suka cika kasuwar Ƙofar Wambai a Kano da Kasuwar Barci a Kaduna. A cikin wannan hali ne waɗansu 'yan gwanjo suka haɗa sana'a biyu a shago guda: suna sayar da kayan dilar da suka saya da kuɗinsu, suna kuma karɓar kayan mutane su sayar bisa la'ada. To, a nan ne asalin ɓarnar yake, domin ribar kayan dila duka ta mai shago ce, alhali a kayan amana ɗan abin da aka yanka masa kaɗai zai samu. Saboda haka nasa ne ke rataye a gaba inda ido zai fara sauka, na mutane kuwa suna jibge a lungu, ƙura da ɗanshin damina suna cin su.

Ku dubi halin matar da mijinta ke kwance ba lafiya, ko aka koro 'ya'yanta daga makaranta saboda kuɗi, wadda ta buɗe akwatin lefenta da dare don kada maƙwabta su gani, ta ciro leshin da ba ta ɗaura ba sai a biki ɗaya ko biyu, ta naɗe shi cikin mayafi, ta kai shago, ta ce kada a sayar ƙasa da kaza, aka karɓa aka jefa bisa tari ba tare da an rubuta ko sunanta ba, ta koma bayan mako aka ce ba a taya ba, ta sake komawa yaron shago ya ce maigida ya fita, ta koma karo na gaba aka ce an sayar amma mai sayen bai cika kuɗi ba, har ranar da aka ƙirgo mata rabin abin da ta ambata, aka ce, «Hajiya, kasuwa ce ta zo da haka, in ba ki so ki bari.» Ina za ta bari, alhali kayan sun riga sun tafi, kuɗin motar da ta yi ta kashewa kuma ya ci wani kaso na abin da ke hannunta? Wani lokaci ma kayan ba a sayar ba, sai a dawo mata da su da tabon mai ko cin ɓera, a ce haka ta kawo su.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a duhu ba. Wanda aka ba kaya ya sayar wakili ne, kayan kuma amana ne a hannunsa. Idan suka salwanta ba da sakacinsa ba, kamar gobara ta ci kasuwa, babu lamuni a kansa, amma idan ya yi ta'addi ko sakaci, ko ya sayar ƙasa da farashin da aka iyakance masa ba da izini ba, to biya ya hau kansa. Kuɗin da ya karɓa daga mai saye ma ba nasa ba ne ko na dare ɗaya, don haka mai shagon da ke juya kuɗin mutane ya je ya fasa sabuwar dila, yana ce wa mai haƙƙi «dawo jibi», ya haɗa jinkirin mawadaci, wanda Shari'a ta kira zalunci, da ha'inci a cikin amana. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, abin takaici ne kuwa a ce a garuruwan da almajirai ke haddace wannan aya, a karɓi dukiyar mutum a kasa ba shi 'yar takarda.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan lamari shi ne, wulaƙancin yana samun mafaka ne a cikin kunyar wanda aka wulaƙanta. Wanda aka cuta a cinikin mota ko na fili zai ɗaga murya, ya tara jama'a, ya je gaban alƙali. Mai sayar da rigar jikinsa kuwa rufin asiri ya fito nema, ba zai so a ji ba, ba zai kai ƙara gun mai unguwa ya tona wa kansa cewa babu ta kai shi ga sayar da sutura ba, waɗansu masu shago sun fahimci wannan sarai, shi ya sa suke ɗaga murya da gangan a gaban mutane, suna ɗaga rigar sama suna kushe ta, suna cewa «wannan ai ta sha jiki, wa zai saya?», don mai ita ya ƙosa ya karɓi ko nawa ne ya bar wurin. Dattijon da a unguwarsu ake durƙusa masa, a nan sai yaron da bai kai jikansa ba ya bar shi tsaye a rana yana latsa waya, ko «sannu Baba» babu.

Mai saye ma bai tsira ba. Shago ba haske, ba a bari a warware riga a duba da kyau, an ninke wurin da ya yage an sa a ciki, in ka yi tayi a harare ka a ce «kai ba mai saye ba ne», in kuma ka je gida ka ga aibi ka dawo, a nuna maka rubutun da aka manna a bango cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Wannan rubutu bai soke hukunci ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta haramta algus da ɓoye aibi, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da kayan da ya tarar da aibin da aka ɓoye masa; dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018 ita ma ta ba shi irin wannan dama. Kasancewar kaya tsoho ba hujja ba ce, gama mai sayen gwanjo ya yarda da tsufan da ya gani, bai yarda da yagewar da aka lulluɓe ba.

Adalci ne a faɗi cewa akwai masu shago na ƙwarai, akwai kuma abin da ke damunsu: kuɗin haya da haraji, da masu kawo kaya su ɗora musu farashin da kasuwa ba za ta ɗauka ba, da masu sayen riga su ci Salla da ita sannan su dawo da ita. Maganin wannan duka guda ne da maganin kukan masu kaya, watau a yi magana a fili tun farko a kuma rubuta. A buɗe kaya a gaban mai shi a duba, a rubuta irinsa da aibinsa, da mafi ƙarancin kuɗin da ya yarda, da la'adar mai shago, da ranar da zai dawo ya karɓi kuɗinsa ko kayansa, kowa ya riƙe kwafi. In tayi ya zo ƙasa da haka, ga waya a aljihun kowa, a kira a tambaya kafin a sallama.

Muna kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwanjo su mayar da wannan takarda sharaɗi ga duk mai karɓar kayan mutane, su kuma keɓe wani dattijo amintacce, da wata dattijuwa saboda mata, waɗanda za a iya kai wa kuka a asirce ba tare da an tara jama'a ba, su kira mai shago su ji ta bakinsa, su sa ya biya in haƙƙi ya tabbata a kansa.