Littafin kyauta iri biyu ne: na gado da na sata

Duk ma'aikacin da ke tasowa daga Maraba ko Kubwa zuwa Sakatariyar Tarayya ya san tsawon lokacin da cunkoson motoci ke ci masa kowace safiya. Da yawa kan cike wannan giɓi da karatu a waya, musamman labaran binciken kisa, na leƙen asiri da na soyayya. Abin yabo ne a garin da littafin takarda ya yi tsada, ginin hedikwatar Laburaren Ƙasa kuma, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006, ya shafe fiye da shekara 15 ba a kammala shi ba. Inda gizo ke saƙar shi ne inda ake samo littattafan, domin kalmar "kyauta" tana rufe abubuwa biyu da ba su da haɗi.

Na farko shi ne littafin da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, ya zama gadon kowa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a 2023, ta kare aikin marubuci tsawon rayuwarsa da kuma shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Da wannan ma'auni, mai karatu zai iya yi wa kansa lissafi. Arthur Conan Doyle ya rasu a 1930, don haka dukkan labaran Sherlock Holmes halal ne gare mu. Haka littafin The Moonstone na Wilkie Collins, wanda ya fito a 1868 kuma ake ƙirga shi cikin littattafan bincike na farko a Turanci, da The Thirty-Nine Steps na John Buchan ga mai son labarin gudu da farauta, da Pride and Prejudice na Jane Austen ga ma'abota soyayya. Ana samun su a Project Gutenberg, rumbun da Michael Hart ya kafa a 1971, wanda yanzu ke ɗauke da littattafai fiye da 70,000. Standard Ebooks kuma kan ɗauki irin waɗannan ta gyara musu rubutu da tsari yadda za su yi daɗin karantawa a waya.

Akwai dai wani tarko. Waɗannan rumbuna dokar Amurka suke bi, ita kuwa shekarar bugu take dubawa a tsofaffin littattafai. Shi ya sa za ka tarar da littattafan farko na Agatha Christie a can, alhali matar a 1976 ta rasu, wato a Najeriya ayyukanta na ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2046. James Hadley Chase, wanda iyayenmu da yayyenmu suka yi yayinsa, ya rasu a 1985, saboda haka duk wanda ya turo maka tarin littattafansa a WhatsApp, kayan wani ya raba.

Nan ne nau'i na biyu ya shigo, wato littafin da aka kwafa ba da izini ba aka watsa. Wanda ya fi jin jiki a wannan harka shi ne marubucin gida. Marubutan Hausa, yawancinsu mata, sun koma sayar da littattafan soyayya ta waya a kan 'yan ɗaruruwan naira tun da kasuwar bugu ta ja baya. Mutum guda ya biya, kafin gari ya waye littafin ya zagaye zaure goma. Rufewar OkadaBooks a ƙarshen 2023 ta ƙara taƙaita hanyoyin da marubucin Najeriya zai sayar da aikinsa. Mai cewa talauci ne ya sa shi karɓar na sata yana da uzurin da za a saurara idan ɗalibi ne marar abin hannu. Mai albashi da ke sayen data ta dubban naira kowane wata ba shi da wannan uzuri, kuma wanda ya san zafin jinkirin albashi ya kamata ya fi kowa jin nauyin cin gumin wani.

Ga ma'aikacin gwamnati akwai ƙarin haɗari. Shafukan da ke raba littattafan sata cike suke da maɓallan saukewa na bogi, wasu kuma kan lulluɓe muguwar manhaja cikin fayil mai sunan littafi. Hadimin da ya sauke irin wannan a kwamfutar ofis, ko a wayar da yake karɓar takardun maigidansa, ya buɗe ƙofar da ba tasa kaɗai ba ce. Fayil ɗin da ya ce littafi ne amma ya ƙare da .exe ko .apk, a guje shi.

Saboda haka kafin a sauke littafi, a duba shekarar da marubucin ya rasu, a duba kuma ko shi da kansa ne ya bayar, domin marubuta da dama kan saki littafin farko na jerin labaransu kyauta a Wattpad ko Google Play Books don jawo masu karatu. Idan kuwa marubuciyar na raye ta kuma sa farashi, a tura mata kuɗinta kafin a buɗe shafin farko.