Malami da Ƙungiyar Wasan Yara Mai Fita Gasa

Da wuya a sami wata unguwa a birnin Sakkwato da ba ta da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yara. Daga Mabera zuwa Runjin Sambo, daga Gidan Igwai zuwa Arkilla, duk inda aka sami fili, da zarar an sallame sallar la'asar sai ƙura ta tashi. Kafa irin wannan ƙungiya ba ya buƙatar wata dabara. Ƙwallo ɗaya da duwatsu huɗu da wani saurayi mai usur sun wadatar. Wahalar tana farawa ne ranar da aka ce ƙungiyar za ta hau mota ta tafi wani gari gasa. Daga wannan rana abin ya tashi daga wasa, ya koma amanar 'ya'yan mutane da kuɗin mutane. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, malamin makaranta ne ya fi dacewa ya riƙe wannan amana, kuma bai kamata ya karɓe ta ba sai ya shirya mata kamar yadda yake shirya darasi.

A ƙasar Amurka irin wannan ƙungiya mai yawon gasa ta zama ruwan dare, musamman a wasan sofbol, wato wani wasa da ake jefa ƙwallo a buge ta da kulki sannan a zagaya tashoshi huɗu a guje. An ƙirƙiro shi a birnin Shikago a 1887, kuma a yau 'yan mata ne suka fi shahara da shi. A can iyaye ne ke biyan kuɗin rajista da kayan wasa da masauki, su kuma ɗauki 'ya'yansu a motocinsu daga wannan jiha zuwa waccan. An buga sofbol a wasannin Afirka da aka yi a Abuja a 2003, amma bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba. Abin da ya yi daidai da shi a Sakkwato shi ne ƙwallon ƙafa, sai kuma langa da kokawa. Tsarin Amurka kuwa ba zai ɗauku a nan ba, domin da za a ce sai ɗan mai hali ne zai shiga ƙungiya, to da an bar mafi yawan gwanaye a bakin fili suna kallo.

Wurin zuwa gasa ba a rasa shi. Akwai gasar Kofin Ramat ta 'yan ƙasa da shekara 16, wadda ƙungiyar YSFON ke shiryawa a Kano domin tunawa da Janar Murtala Muhammad, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Akwai wasannin matasa na ƙasa, da gasannin makarantu waɗanda akan kammala su a filin wasa na Giginya. Yaran kuma suna da abin koyi. Shehu Abdullahi haifaffen Sakkwato ne, ya buga wa Kano Pillars, yana cikin waɗanda suka ciwo wa Nijeriya lambar tagulla a wasannin Olamfik na Riyo a 2016, ya kuma je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. Saboda haka yaron da ya ce yana son ya zama kamarsa ba tatsuniya yake yi ba. Sai dai cikin yara ɗari da za su faɗi haka, ƙalilan ne ƙwarai za su ci abinci da ƙwallo. Sauran su ne dalilin da ya sa ake son malami ya shugabanci tafiyar, domin shi ne ba zai manta cewa akwai jarrabawa a gaba ba.

Wasu za su ce malami ai ba koci ba ne, kuma aikin aji ya ishe shi. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma ba a ce malami ya koyar da yanka da bugun kusurwa ba. Wannan ana iya samun tsohon ɗan wasa a unguwa ya yi. Abin da malami yake da shi wanda saurayi mai usur ba shi da shi abu uku ne: rajistar makaranta tana hannunsa, iyaye sun san fuskarsa, sannan akwai hukumar da za ta tuhume shi idan ya yi sakaci. Mutumin da ba wanda zai iya tuhumarsa bai cancanci a damƙa masa yaro ɗan shekara 13 ya kwana da shi a wani gari ba, komai kyawun halinsa.

Matakin farko, tun kafin a sayi riga ko a raɗa wa ƙungiya suna, shi ne zuwa wurin iyaye. Ba a aika yaro ya ce da mahaifinsa an ce ya ba da izini. Malami ne zai taka ƙafa ya je zaure, ya gaisa, ya bayyana ranakun atisaye da lokacin tashi, ya kuma karɓi amincewa a rubuce, ko da boko ko da ajami. Ya kamata shugaban makaranta da mai unguwa su san da zancen. Yawancin iyayen da ke hana 'ya'yansu ƙwallo ba ƙwallon suke ƙi ba. Abin da suke tsoro shi ne yaro ya bar makarantar Islamiyya, ya riƙa wuce magariba a waje, ya haɗu da abokan banza masu shaye-shaye. Idan aka tsara atisaye a ranakun Alhamis da Juma'a, waɗanda dama makarantun allo ke hutawa, aka kuma tashi kafin kiran salla, to an kashe rabin gardamar. Haka nan tilas a yi la'akari da yanayin garin. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato yakan haura digiri 40, don haka atisayen tsakar rana a wannan lokaci ganganci ne, kuma jarkar ruwan sha ta fi sabuwar ƙwallo muhimmanci.

Sai batun shekaru, wanda a nan ne ake gane malamin ƙwarai. Nijeriya ta ci kofin duniya na yara sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015, amma zargin rage shekaru bai taɓa rabuwa da ƙwallonta ba. Tun daga 2009 hukumar FIFA take amfani da na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin tantance 'yan ƙasa da shekara 17. A 2016 'yan wasa 26 na Nijeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Jamhuriyar Nijar, daga bisani kuma Nijar ta fitar da Nijeriya daga gasar. Wannan abin kunya ba a Abuja ya faro ba. Ya faro ne a filayen unguwa, ranar da wani mai horarwa ya aske gemun ɗan shekara 19 ya ce da shi, "Daga yau shekarunka 15." Illar ba ta tsaya ga yaron da aka yi wa ƙarya ba. An danne haƙƙin ɗan shekara 15 na gaskiya da aka ajiye a benci, an jefa yaran ɗaya ɓangaren cikin haɗarin karaya, an kuma koya wa ƙungiya duka cewa babba yana iya yin ƙarya idan akwai kofi a gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ana iya tanƙwara shi ta karkatacciyar hanya. Malami yana da maganin wannan cuta a aljihun teburinsa: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da rajistar shiga aji ɗaya. Ƙungiyar da ta riƙe gaskiya za ta sha kashi a hannun gardawa, wannan babu shakka, kuma gara a gaya wa yaran haka tun da wuri.

Kuɗi kuwa shi ke kashe yawancin ƙungiyoyi, kuma ba rashinsa ne kawai ke kashe su ba, har da zargi. Kada wanda ke horarwa ya zama shi ne ma'aji. A zaɓi ɗaya daga cikin iyaye ya riƙe kuɗi, a buɗe littafi, a rubuta duk abin da ya shigo da wanda ya fita, a karanta shi a gaban taro ƙarshen kowane zangon karatu. Karo-karo kaɗan da ake yi a kai a kai ya fi kyautar babban mutum ɗaya albarka. Ƙungiyar da ta rataya a wuyan ɗan siyasa takan sami sababbin riguna masu ɗauke da hotonsa kafin zaɓe, bayan zaɓe kuma ko wayarta ba a ɗauka. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya zama shi ne kaso mafi tsoka a kowace tafiya, don haka dole a lissafa na dawowa kafin a tashi. Ba sau ɗaya ba, an ga yara sun kwana a tasha a garin da ba su san kowa ba saboda an dogara da kuɗin kyautar da ba a ci ba.

Ita kanta tafiyar a fara ta daga kusa. Kware da Boɗinga da Wamakko duk ana zuwa a dawo kafin magariba, kuma a nan ne malami zai gane yaron da mota ke sa wa amai da wanda ke sulalewa kasuwa. Bayan haka sai a gwada Birnin Kabi, mai nisan kimanin kilomita 150. Kano kuwa ta haura kilomita 500, kuma hanyar da ta bi ta Gusau da Funtuwa ta yi fama da 'yan bindiga masu satar mutane a shekarun nan. Ba a tafiyar dare da yara, ko da hakan zai sa a rasa wasan farko. Ranar 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko tawagar Jihar Kano daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a Dakatsalle, mutum fiye da 20 suka rasu, saura ƙiris su isa gida. Wannan tawagar gwamnati ce. Ina ga ƙungiyar unguwa da ta cusa yara 25 a motar mutum 18? Malami ya duba tayoyi da idonsa, ya san direba, ya tafi da babba na biyu, ya riƙe lambar wayar kowane uba da akwatin magani. Idan 'yan mata ne, tilas malama ta kasance a cikin tafiyar, a kuma tabbatar da masaukinsu kafin a bar gida.

Da zarar ƙungiya ta fara suna, wasu baƙi za su ɓullo da alƙawarin kai yaro Turai idan iyayensa suka biya kuɗin biza. Ya kamata malami ya san cewa dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Duk wanda ya nemi uba ya sayar da gona domin irin wannan tafiya, a kai zancensa ga hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha kafin a ba shi ko kwabo.

Abu na ƙarshe da akan manta shi ne, malami ma'aikaci ne, ana iya yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar shekara. Saboda haka tun daga farko a rubuta dokokin ƙungiya a takarda guda, a ajiye kwafinta a ofishin shugaban makaranta tare da littafin kuɗi da takardun izinin iyaye, a kuma sami mataimaki wanda ya san inda kowane abu yake, har da mabuɗin akwatin riguna.