Raddi Ga Masu Cewa Jarida Madubi Ce

Akwai wata magana da ke yawo kwanan nan a majalisun 'yan boko na Lafiya, har ta zama kamar hadda. Wai duk mai neman jaridu su daina liƙa wa "Fulani makiyaya" kowane kisa, ko mai neman malamin makaranta ya iya bakinsa a gaban yara, wata cutar Amurka yake shigo mana da ita, cutar sakaya magana don kada ran wani ya ɓaci. Jarida, in ji su, madubi ce, abin da ya tsaya gabanta take nunawa. Makaranta kuma wurin karatu ce, ba gidan lallashi ba. Iyakar hujjarsu ke nan idan aka kakkaɓe Turancin da suke yayyafa mata.

A fara da madubin, tunda a kansa suka ɗora ginin gaba ɗaya.

A watan Yuni na 2017 'yan sanda suka kama Chukwudumeme Onwuamadike, wanda aka fi sani da Evans, a unguwar Magodo ta Legas. Makonni jaridu suna kansa, kuma laƙabin da suka ba shi shi ne biloniyan mai garkuwa da mutane. Ba a yi ta buga kanun labarai da sunan ƙabilarsa ba, kuma hakan shi ne daidai, domin laifin nasa ne. Ranar 5 ga Afrilu 2021 aka fasa gidan yarin Owerri, fursunoni sama da 1,800 suka tsere. A ƙarshen Mayu na wannan shekara aka harbe ɗan siyasa Ahmed Gulak a garin. Me jaridun Legas suka riƙa kiran masu wannan ta'asa? 'Yan bindigar da ba a san ko su wane ne ba. Nan ma ba laifi, wanda bai sani ba ya ce bai sani ba. Tambayar ita ce ina wannan taka-tsantsan yake shiga idan an kai hari wani ƙauye cikin dare a Binuwai ko Filato, kafin a binne gawa, kafin a kama ko mutum ɗaya, amma edita da ke zaune a Ikeja ya riga ya san ƙabilar maharan da sana'arsu. Wane irin madubi ne yake gane fuska a duhu a wani yanki, ya makance da rana tsaka a wani?

Mutanen Nasarawa ba sa buƙatar a kai su nesa. Ranar 7 ga Mayu 2013 aka yi wa jami'an tsaro kwanton ɓauna a Alakyo, nan kusa da Lafiya, aka kashe sama da 60. Sunan da ya cika kanun labarai a lokacin shi ne Ombatse, wato sunan ƙungiyar 'yan ƙabilar Eggon da aka zarga. Manomin Eggon da ke sayar da doyarsa a kasuwar Lafiya bai wayi gari yana ɗauke da jinin a goshinsa a shafin farko na kowace jarida ba. Ashe dai ana iyawa.

Sai kuma Rukubi, a Ƙaramar Hukumar Doma. Ranar 24 ga Janairu 2023 wasu makiyaya sun dawo daga Makurdi, inda suka biya tara suka karɓo shanunsu da dakarun kula da dabbobi na Binuwai suka kama ƙarƙashin dokar hana kiwon sake ta 2017. Suna cikin sauke shanun daga motoci wuta ta sauko musu daga sama. Rahotannin farko sun ce "wani abu ne ya fashe". Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya mutum 39 da suka mutu, kuma sai bayan watanni rundunar sojin sama ta amsa cewa jirginta ne. An bayar da labarin, babu mai musun haka. Amma cikin 'yan kwanaki hayaniyar zaɓen Fabrairu ta haɗiye shi, babu zafafan sharhi mako bayan mako, babu jerin sunaye da hotuna. A nan kalmar "makiyaya" ta yi aiki ta wata fuskar, ta rage wa gawarwakin nauyi. Mai cewa jarida ba ta zaɓe ya zo ya bayyana wannan.

Kuma tun yaushe jarida a ƙasar nan ta zama marar ɓangare? Azikiwe ya kafa West African Pilot a 1937, Awolowo ya kafa Tribune a Ibadan a 1949, kowanne don yaƙinsa na siyasa. Gwamnatin Arewa ta kafa New Nigerian a Kaduna a 1966 saboda ta gaji da jin labarinta daga bakin wasu. Gaskiya Ta Fi Kwabo kanta, da ta fara fitowa a Zariya a 1939, hukumar mulkin mallaka ce ta tsaya mata. Kowace jarida tana da mai ita, da garin da aka girke ta, da mutanen da editanta yake cin abinci da su. Abin mamaki ne a ce mutumin da ya yi digiri yana buƙatar a tuna masa wannan.

Babbar takardar da masu cewa jarida madubi ce suke ɗagawa ita ce rahoton ta'addanci na duniya na 2015, wanda wata cibiya da ke Sidni a Ostireliya take fitarwa, inda aka sa "mayaƙan Fulani" a matsayi na huɗu cikin masu kisa a duniya. Su duba yadda aka haɗa lissafin. Irin waɗannan alƙaluma daga rahotannin kafofin labarai ake tattara mafi yawansu. Jarida ta rubuta sunan, mai bincike ya ƙirga, jarida ta dawo ta kafa hujja da mai binciken. Babu wata ƙungiya ɗaya mai wannan suna, mai shugaba da tuta. Akwai rikicin gona a nan, ramuwar gayya a can, ɓarayin shanu a wani dajin, aka zuba su a buhu guda.

Kada wani ya yi saurin cewa ana wanke masu laifi. An kashe mutane a Agatu a 2016. An binne mutum 73 a Makurdi a Janairun 2018. An yi kisan gilla a Yelwata, daf da iyakar Nasarawa, a Yunin 2025. Ɗan bindiga Bello Turji yana da suna, kuma Fulani da Hausawan Zamfara da Sakkwato sun fi kowa sanin sharrinsa. A kira shi da sunansa, a kira yaransa, a bi sawun bindigar har inda aka sayo ta. Wannan ya fi wahala, yana buƙatar ɗan rahoto ya taka ƙafarsa zuwa wurin. Liƙa sunan ƙabila kuwa ko daga kan kujera ana yi, kuma wanda ya biya kuɗinsa ba shi ne ya yi kisan ba. A watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Kano a Uromi ta Jihar Edo suna hanyar komawa gida yin Sallah, aka kira su masu garkuwa da mutane, aka ƙona 16 daga cikinsu. Waɗanda suka tara tayoyin ba su tambayi sunan kowa ba, sun riga sun san labarin da shekaru suka karantar da su.

Batun cewa daga Amurka aka kwaso wannan ɗabi'a bai cancanci dogon bayani ba. A Ilori, a 1998, ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ da ta editoci da ta masu gidajen jaridu suka amince da ƙa'idojin aikinsu, kuma a ciki akwai sharaɗin kada ɗan jarida ya ambaci ƙabilar mutum ko addininsa da sigar wulaƙanci. Kafin Ilori da ƙarnoni, Suratul Hujurat ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma hana jifan juna da munanan laƙabi. Duk almajirin da ya kai izu na sama ya wuce ta wurin.

Sai makaranta. A ɗauki ajin firamare a Arikya ko Assakio, inda malami zai buɗe rajista da safe ya kira sunaye daga gidaje masu harsuna daban-daban, Musulmi da Kirista a benci ɗaya. Idan ya ce wa wannan "kai ɗan daji", ya ce wa wancan "arne", me ya koyar? Assakio ta ga wutar rikicin ƙabilanci a 2012, iyayen yaran suna tunawa. Hana malami wannan ɓaram-ɓaramar ba ya cire ko layi ɗaya daga darasin lissafi. Idan da gaske masu wannan ra'ayi suna jin zafin ɓoye wa yara gaskiya, ina muryarsu take lokacin da aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka bar shi a waje fiye da shekara goma?

Sun kuma kawo hijabi a matsayin misalin lallashi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 17 ga Yuni 2022 cewa ɗalibai mata a makarantun gwamnatin Legas suna da 'yancin sa shi, bisa sashe na 38 na kundin tsarin mulki. Haƙƙi ne, ba alfarma ba. Wannan sashen ne kuma yake kare ɗan Kirista a makarantar gwamnati a Arewa daga a tilasta masa darasin addinin da ba nasa ba, kuma duk shugaban makarantar da ya take shi ya yi laifi iri ɗaya.

Na ƙarshe, wai ai kafofin Hausa ma suna yi. Suna yi. Mai gabatar da shiri a Kano ko Kaduna da zai ɗora laifin mutum ɗaya a kan Ibo ko Tibi baki ɗaya, ƙa'idar Ilori ta hau kansa kamar yadda ta hau kan editan Ikeja, kuma masu rubutu da Hausa a Facebook sun fi su duka sakin baki.