A TAMBAYI MASU GIDA KAFIN A SABUNTA LASIN

Ya ku 'yan'uwa talakawa maza da mata, da ku 'yan kasuwa masu rumfa da masu kasa kaya a bakin hanya, yau maganarmu a kan akwatin nan ne mai hoto, watau talbijin, da takardar izinin da ake ba gidajensa, wadda ake kira lasin. Kada wani ya ce wannan zancen manya ne, ina ruwan mai sayar da barkono da shi. Da ruwansa ƙwarai. Gidan talbijin na Gwamnati da kuɗinsa aka gina shi, da kuɗinsa ake biyan ma'aikata, da kuɗinsa ake sayen man injin da ke ba gidan wuta. Tun shekarar 2020 kashi 7 da rabi cikin ɗari ake ɗora muku na harajin kaya, ko katin waya kuka saya sai an cire. Wannan kuɗi baitulmali yake shiga, daga baitulmali kuwa ake ciyar da NTA da gidajen talbijin na jihohi. Ashe ku ne masu gida.

Ku kun san lasin, ba sai an koya muku ba. Tsarin Mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon kula da kasuwa da tashar mota, da ba da lasin keke da baro da amalanke, har da karɓar kuɗin lasin rediyo da talbijin. Kun kuma san biyan kuɗin rumfa ba ya wanke mutum daga laifi. Mahauci ko ya biya kuɗin shekara goma, in aka kama shi da mushe, duba-gari ba zai ce a bar shi don ya biya ba. Mai awo in ya buga gindin mudu don ya tauye mutane, Sarkin Kasuwa zai kira shi. To, don me gidan da ke auna wa miliyoyin mutane labari kullum dare za a tambaye shi kuɗi kurum, ba a duba mudunsa?

Ga yadda dokar take. A 1992, zamanin Janar Babangida, aka kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin ta ƙasa, wadda ake kira NBC. A 1999 aka gyara dokarta, gidajen Gwamnati ma suka shiga ƙarƙashinta. Lasin na shekara 5 ne, in ya ƙare sai a nemi sabuntawa. Amma ku dubi inda igiyar take. Shugaban Ƙasa ke naɗa shugaban hukumar. Mai neman sabon lasin, takardarsa ta hannun Ministan Watsa Labarai take bi ta isa ga Shugaban Ƙasa. Dokar kuma ta ba Ministan ikon ya ba hukumar umarni. Watau Gwamnati ce mai gidan talbijin, ita ce mai naɗa alƙalin da zai duba gidan, ita ce kuma wadda ake ƙara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

In kuna son ku ga sharaɗin da ake tsayawa a kansa da gaske, ku tuna ran 19 ga Agusta 2022. Ran nan shugaban hukumar na lokacin, Malam Balarabe Shehu Ilelah, ya ba da sanarwar soke lasin gidaje 52, na 'yan kasuwa irin su AIT da Silverbird, da na gwamnatocin jihohi masu yawa, har da na jihohin Arewa. Laifin da aka karanta musu guda ɗaya ne: bashin kuɗin lasin, naira biliyan 2 da miliyan 660, wanda ya taru tun daga 2015. Aka yi ca a kan hukumar, aka kai ƙara kotu a Ikko, ta janye maganar rufewa. Ba mu ce kada a biya bashi ba. Gwamnan da ke da kuɗin jerin gwanon motoci amma gidan talbijin ɗin jiharsa ya kasa biyan lasin, ya ji kunya. Abin da muke tambaya shi ne, a cikin sanarwar nan duka, wane gida aka ce an hana shi lasin don ya toshe bakin talaka? Wane gida aka tsare don ya mai da labarun dare waƙar yabon Gwamna? Babu ko ɗaya.

Akwai sharaɗi na biyu, wanda ba a rubuta ba amma kowa ya san shi, watau ka iya bakinka. A ƙarshen Yuli 2022 Ministan Watsa Labarai, Alhaji Lai Mohammed, ya fito fili ya ce za a hukunta waɗanda suka nuna shirye-shirye a kan 'yan bindigar daji. Mako bai cika ba hukumar ta ci gidan Trust TV tarar naira miliyan 5, ta ci wasu kamfanoni masu kai hoto gidaje tara irin wannan saboda shirin BBC a kan Zamfara. Minista ya yi tari, hukuma ta yi kaki. Mutanen da aka ƙone wa rumbuna, da fataken da suka daina bin hanyar kasuwar Shinkafi don tsoro, su ne suka fi kowa bukatar duniya ta ga halin da suke ciki. A watan Mayu 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ta bakin Mai Shari'a James Omotosho, ta yanke cewa hukumar ba kotu ba ce, ba ta da ikon ta tuhumi gida ta kuma ci shi tara da kanta.

Za su ce ai akwai doka a kan adalci. I, an rubuta. Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 95, ta hana a yi amfani da kafofin labarai na Gwamnati don a taimaki wata jam'iyya ko a cuci wata, ta ce a raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara. Ta sa tarar naira miliyan 2 a kan gidan Gwamnati da ya saɓa da farko, miliyan 5 in ya sake. To, jama'a, wa zai biya tarar nan? Gidan Gwamnati aljihunsa baitulmali ne. An hana ka jin bakin ɗan takararka da kuɗinka, sa'an nan an biya tarar hana ka da kuɗinka. Duka biyu ke nan, ga mari ga tsinka jaka.

Wannan ciwo tsoho ne, da shi ma aka haifi talbijin a ƙasar nan. A 1953, bayan rikicin da ya biyo shawarar Anthony Enahoro ta neman mulkin kai a 1956, Gwamna Macpherson ya shiga rediyon Gwamnati ya soki jam'iyyar Action Group. Cif Obafemi Awolowo ya nemi a ba shi fili ya mai da martani, aka hana shi. Tsarin mulki na 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajensu, sai Jihar Yamma ta buɗe talbijin a Ibadan ran 31 ga Oktoba 1959. Gabas ta bi a 1960, Arewa ta buɗe nata a Kaduna a 1962. Amma kowace jiha da ta sami nata akwati sai ta mai da shi kakakin jam'iyyar da ke mulki, 'yan hamayya suka koma hawa tebur a bakin kasuwa. Soja suka haɗe gidajen suka kafa NTA a 1977. Da aka dawo siyasa a 1979, gwamnonin da ba na jam'iyyar Shugaba Shagari ba suka ga NTA ba tasu ba ce, suka shiga gina nasu. Ta haka gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, wadda yanzu ake kira da sunansa.

Har yau ba a warke ba. A watan Oktoba 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta sa aka rufe NTA ta Gusau da Pride FM da wasu gidaje, don sun ɗauki taron jam'iyyar hamayya. A nan hukumar NBC ta yi abin kirki, ta ce Gwamna ba shi da wannan iko, aka kuwa buɗe gidajen. Mun faɗi wannan don kada a ce ba mu ganin alheri. Amma darasin a fili yake: duk wanda ya hau kujera, ko wace hula ya sa, hannunsa na kai wa ga makunnin akwatin nan. Saboda haka sharuɗɗan da muke nema, muna neman su hau kan kowa, har da mu ran da Allah ya ba mu mulki.

Kada kuma a ce abin ba ya yiwuwa. Kun san BBC, wadda sashenta na Hausa ke magana tun 1957. A Ingila ba a ba ta izini na har abada ba. Takardar izininta ta yanzu ta fara aiki ran 1 ga Janairu 2017, za ta ƙare a ƙarshen 2027. Kafin a sabunta ta sai da aka nemi ra'ayin jama'a, aka tattauna a Majalisa. Wata hukuma dabam mai suna Ofcom ke rubuta mata sharuɗɗa, kamar yawan labarai da shirye-shiryen da za a yi a wajen London, ta kuma buga rahoto kowace shekara ko an cika ko ba a cika ba. Turawa ma suna faɗa a kan BBC, ba mala'iku ba ne. Amma mai biyan kuɗi a can yana da takardar da zai riƙe ya ce ga alkawari, ina cikawa?

Ga abin da muke so a rubuta a jikin lasin kowane gidan talbijin na Gwamnati, na Tarayya da na jiha.

Na ɗaya, a sanar da ranar duba lasin ta rediyo da harshen mutanen wurin tun da sauran wata uku, a yi zaman a fili inda mai rumfa da manomi da direba za su iya shiga su faɗi ƙorafinsu.

Na biyu, gidan ya kawo lissafin mintocin da ya ba kowace jam'iyya cikin labaransa, wata bayan wata, a buga kowa ya gani. Alƙalami ba ya ƙarya in an sa shi ƙirga.

Na uku, duk wanda aka soka da suna a gidan, a ba shi filin amsa cikin mako guda, a sa'a irin wadda aka soke shi. Abin da aka hana Awolowo a 1953 kada a hana kowa yau.

Na huɗu, a yanka sa'o'i na dole kowane mako da harsunan jihar, na farashin hatsi da dabbobi a manyan kasuwanni irin su Dawanau da Maigatari da Potiskum, da labarin damina da taki, da zaman Majalisar Jiha ran da ake karanta kasafin kuɗi.

Na biyar, a buga abin da gidan ya karɓa daga baitulmali da abin da ya samu na talla, da inda kuɗin ya tafi.

Na shida, in gida ya saɓa, hukuncin ya hau kan shugabanninsa da suka ba da umarni. A rage wa'adin lasin zuwa shekara ɗaya, a sauke shugaban, kada a rufe gida a jefa ƙananan ma'aikata cikin yunwa, kada kuma a ɗebi tara daga aljihun talaka.

Duk wannan ba zai tsaya ba sai an cire hukumar NBC daga hammatar Minista. Majalisar Dattawa ta tantance shugabanninta, a ba su wa'adin da ba mai korarsu sai da dalili a fili, a soke sashen da ya ba Minista ikon yi mata umarni.

Wasu masu wayo za su ce yanzu kowa na da waya a hannu, wa ke kallon talbijin ɗin Gwamnati? Mu ce musu, in ba a kallo, don me ake zuba masa kuɗinmu kowace shekara? In kuwa ana kallo, to, a yi mana adalci a ciki. Waya sai da kuɗin data, kuma jita-jita ta fi gaskiya gudu a cikinta. Tsohuwa a ƙauye da mai shayi a bakin tasha har yanzu akwatin nan suke dubawa.

Aikinku ke nan, 'yan'uwa. Kowane reshe ya sa mutum biyu masu karatu su zauna gaban labarun dare na gidan jiharsu kwana bakwai, da agogo da littafi, su rubuta minti nawa aka ba Gwamna da matarsa da kwamishinoninsa, minti nawa aka ba 'yan hamayya, minti nawa aka yi maganar kasuwa da gona da asibiti. Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su sa hannu, a kai kwafi ofishin NBC mafi kusa, a kai wa wakilinku na Majalisa, a aiko mana da ɗaya mu buga. In wakilin ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi a gaban jama'a ko zai goyi bayan gyaran dokar nan, kada ku bar shi ya tashi sai ya ce i ko a'a.