Sharhi: Kyamarar Aljihu a Kasuwar Kifi ta Baga Road, a Saya Yanzu ko a Jira Sabuwa?

Duk wanda ya san Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri ya san cewa da yawa daga cikin cinikinta ana ƙulla shi ne da mutanen da ba su taka ƙafa cikinta ba. Masunta ne ke kamo kifin a Tafkin Chadi, a kyafe shi a Baga da Doron Baga, a zuba cikin kwalaye, a biyo da shi ta Monguno zuwa Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 200. Daga nan kuma manyan motoci su kwashe shi zuwa Anacha da Inugu da Ibadan da Legas. A da, falke kan zo da kansa ya buɗe kwali, ya duba tarwaɗa ko karfasa, ya sinsina, sa'an nan ya taya. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, daga baya kuma WhatsApp da tura kuɗi ta banki suka zama ruwan dare, sai hoto ya fara tsayawa a madadin idon mai saye. Wannan ne ya sa tambayar da ake ganin ta 'yan gayu ce ta zama tambayar kasuwa: dillalin da ke son hoton kayansa ya fita da kyau, zai sayi ƙaramar kyamarar aljihu da ke kanti yau, ko kuwa zai dakata har kamfani ya fito da sabon samfuri?

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a jira. Hujjarta ita ce kayan laturoni kullum ƙara inganci suke yi farashinsu na sauka, kuma da zarar sabo ya fito sai tsoho ya karye. Hujjar tana da asali. A shekarar 1983 kamfanin kwamfuta na Osborne da ke Amurka ya yi shelar sabon samfurinsa tun bai gama shirya shi ba, cinikin wanda ke kasuwa ya ja baya, kamfanin kuma ya durƙushe a cikin shekarar. Har yau malaman kasuwanci na ba da misali da shi. To, amma wannan shawara an gina ta ne a kan abubuwa biyu, wato kamfanoni suna tsere wajen fitar da sabbin kaya, kuma kuɗin da ke hannun mai jira yana riƙe da darajarsa. Dukansu biyu sun kau ga ɗan kasuwar Maiduguri.

A fara da kasuwar kyamara ita kanta. Alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamarori ta Japan, wato CIPA, sun nuna cewa a shekarar 2010 an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 zuwa kasuwannin duniya, mafi yawansu ƙanana na aljihu. A 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Wayar hannu ce ta cinye kasuwar. Kamfanin Casio ya bar ƙera ƙananan kyamarori a 2018, Olympus kuma ya sanar da sayar da sashensa na kyamara a 2020. Waɗanda suka rage sun rage yawan samfura, sun kuma tsawaita tazarar da ke tsakaninsu. Alal misali, Ricoh ya fito da GR III a 2019 a kan dala 899, magajiyarta GR IV ba ta fito ba sai a 2025, kuma a kan dala 1,499. Wanda ya ce a 2020 zai jira na gaba, ya yi zaman shekara biyar, sa'an nan ya tarar da ƙarin dala 600.

Haka nan tsohon samfuri ya daina karyewa yadda aka saba. Fujifilm X100V, wadda ta fito a farkon 2020, ta yi tashe a TikTok a 2022 har ta yi wuyar samu, aka riƙa sayar da wadda aka yi amfani da ita sama da farashin sabuwa. Magajiyarta X100VI ta fito a watan Fabrairun 2024, masu saye suka yi watanni a kan layi. Canon G7 X Mark III ta 2019 ita ma ta shiga irin wannan hali na ƙaranci. Kayan da ya yi wuya a Tokyo da Landan, ba a tsammanin zai iso Legas da wuri, balle Maiduguri.

Abu na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne naira. A nan lissafi ya fi dogon bayani. A watan Fabrairun 2020 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 360, saboda haka X100V mai dala 1,399 ta kama wajen naira 504,000, ban da kuɗin dako da na kwastan. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, lokacin tana wajen 460 a hukumance. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta kai kimanin naira 1,500, saboda haka X100VI mai dala 1,599 ta kama wajen naira miliyan 2.4. A dala, ƙarin 200 ne kacal, wato kashi 14 cikin 100. A naira kuwa farashin ya ninka kusan sau biyar. Baturen da ya jira ya yi asarar ɗan lokaci ne, amma Alhajin da ya jira da nairarsa a aljihun tebur ya yi asarar kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin kuɗinsa a kan wannan kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disambar 2024. Gaskiya ne naira ta ɗan farfaɗo a 2025, har ta dawo ƙasa da 1,500 a ƙarshen shekarar, amma wannan bai mayar wa kowa abin da ya rasa ba.

'Yan kifi ba sa bukatar a karantar da su wannan darasi, domin sana'arsu ta riga ta koya musu. Kifin banda ba ya jira. Idan ya daɗe a rumfa ƙwari su shige shi, ya karairaye, nauyinsa ya ragu, darajarsa ta faɗi. Dillalin da ya riƙe kwalaye yana jiran farashin mako mai zuwa ya san cewa kowace rana tana da kuɗinta. Ita ma naira a shekarun nan ta zama kamar banda, kowace rana ta ajiya akwai abin da ke raguwa a jikinta. Kasuwar Baga Road ta kuma san tsadar jira ta wata fuskar. Rikicin Boko Haram ya sa sojoji suka hana su da fataucin kifin Tafkin Chadi na kusan shekara uku, har aka sassauta a 2017, sa'an nan harin da aka kai Baga a Disambar 2018 ya sake tsayar da harkar. Wanda ya ga hanya ta rufe dare ɗaya ya san cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sai dai kafin a ce a saya, wajibi ne a yi tambayar da ta fi wannan muhimmanci: me kyamarar za ta yi wa ciniki? Amfaninta na farko shi ne bayyana kaya yadda yake. Kifin banda baƙi ne, rumfunan ajiya kuma ba su cika haske ba. Kyamarar aljihu mai kyau tana da farantin karɓar haske da ya fi na yawancin wayoyi girma, saboda haka takan fitar da launi da girman kifi a wuri mai duhu ba tare da ta yi masa kwalliya ba. Wayoyi da yawa sukan gyara hoto da kansu, su ƙara masa ƙyalli, mai saye a Anacha ya buɗe kwali ya ga abin da bai yi daidai da hoto ba, rigima ta tashi. Amfani na biyu shi ne shaida. Gobarar Kasuwar Monday a watan Fabrairun 2023 da ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumbar 2024 sun nuna wa 'yan kasuwar Maiduguri cewa dukiya kan salwanta tare da littattafan lissafinta. Mai hoton kayansa da kwanan wata, wanda ya adana shi a wani wuri dabam, ya fi ƙarfin magana gaban banki ko kamfanin inshora ko abokin hulɗa.

Duk waɗannan ayyuka, samfurin shekara biyar da suka wuce yana yin su. Abin da sabon samfuri ke ƙarawa yawanci ba ya isa ga mai saye. X100V tana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 26, X100VI mai miliyan 40, amma WhatsApp yana matse hoto kafin ya aika, sai fa in an tura shi a matsayin takarda. Falken Inugu da ke duba hoton a fuskar wayarsa ba zai bambance su ba. Ƙari a kan haka, yanayin kasuwar ba ya tausaya wa na'ura. Ga ƙurar hunturu, ga hayaƙi da maiƙon kifi, ga zafin watan Afrilu da kan haura maki 40. Yawancin kyamarorin aljihu ba a rufe suke ruf ba, kuma idonsu mai fita ya koma yakan ja ƙura ciki. Idan ta lalace, tsohon samfuri ne ake samun batirinsa da cajarsa da mai gyaransa a Kano ko Ikeja. Sabo kuwa sai an yi aike waje.

Akwai masu cewa jira ba asara ba ne muddin kuɗin yana juyawa a cikin kifi, kuma maganarsu tana kan hanya. Jarin ɗan kifi yana fita ya dawo sau da dama a kaka ɗaya, kyamara kuwa ba ta haihuwa sai ta hanyar cinikin da ta jawo. Saboda haka ma'aunin shi ne, idan aka cire naira miliyan ɗaya daga sari aka sa a na'ura, ƙarin abokan ciniki da ragin rigima za su mayar da ribar da wannan miliyan ɗin zai kawo a kwalaye? Ga ƙaramin dillali da ɗan kiri, amsar a mafi yawan lokuta ita ce a'a. Waya mai kyakkyawar kyamara, da fitar da kwali bakin rumfa inda hasken safiya yake, da ajiye ma'auni kusa da kifi don a ga girmansa, sun ishe shi. Bashi kuwa kada a soma: Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwambar 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ɗorawa. Babu hoton da zai biya wannan.

Bisa ga haka, masu wannan tambaya sun kasu uku. Babban dillali mai loda motoci, wanda abokan cinikinsa ke nesa, idan lissafi ya nuna masa kyamara za ta biya kanta, to ya sayi wadda ke kasuwa yau, ko da ta hannu ce, bayan ya gwada ta ya duba idonta da batirinta, ya kuma karɓi rasit. Ya fi masa sauƙi ma idan 'yan rumfa ɗaya ko ƙungiya suka haɗa kuɗi suka sayi guda, suka ɗora wani yaro mai hankali a kan aikin. Matashin da ɗaukar hoto ne sana'arsa, mai bin bukukuwan aure da suna, kowane mako na jira aiki ne ya wuce shi, shi ma jira ba nasa ba ne. Na uku shi ne mai so don sha'awa, wanda ba ya asarar komai, yana iya jira iya son ransa.

Jira yana da hujja a wuri ɗaya tak: idan kamfani ya riga ya faɗi ranar fitowar sabon samfuri da farashinsa, ranar kuma ta kusa, kuɗin sayen kuma yana cikin kasuwa yana aiki. Ban da wannan, dogaro da jita-jitar intanet zaman jiran gawon shanu ne. Ƙa'idar da ɗan kasuwar Baga Road ke bi a kan kifi ita ce ta dace da kyamara: a sayi kaya ranar da ake da mai bukatarsa, a kuma bar shi a kanti idan babu cinikin da zai biya kuɗinsa.