Harshen Kwamfutocin Boɗinga da Shagari

Cikin kayan zamani da suka shigo ƙasar nan, babu wanda muka karɓa muka bar shi da harshen masu shi, ba tare da mun ko yi tambaya ba, kamar kwamfutar nan da ake girkewa bisa tebur a sakatariyar ƙaramar hukuma, da makarantun sakandare, da asibitoci, da shagunan buga takardu. Akwatin rediyo ya daɗe da iya Hausa, domin tun 1957 BBC ta buɗe sashenta na Hausa. Wayar hannu ma ta bi sahu, tun da Facebook ya shigar da Hausa cikin harsunansa a 2016. Amma kwamfuta, ko a Boɗinga aka kunna ta ko a Shagari, garuruwan da za ka wuni a kasuwarsu ba ka ji an yi cinikin ko da mudun gero ɗaya da Ingilishi ba, da Turancin Amurka za ta tarbe ka, da shi za ta tambaye ka, da shi kuma za ta yi maka gargaɗi sa'ad da kake dab da share aikin da ka kwana kana yi. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, wannan hali gafala ce ta jawo shi, kuma maganinsa yana hannun hukumomin da ke sayen na'urorin, tun kafin ya kai ga ɗaiɗaikun masu amfani da su.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wato irin su Windows da Linux, ba a gina ta a kan harshe ɗaya tak ba. An tsara ta ne yadda za a iya cire mata wannan harshe a sa mata wancan, aikinta kuwa yana nan yadda yake. Masu gyaran kwamfuta na birnin Sakkwato sun fi kowa sanin haka, domin na'urorin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai sukan iso wani lokaci da Jamusanci ko Faransanci a fuskarsu, kuma kafin a ɗora su a kanta yaron shago ya riga ya mayar da su Ingilishi. Hanyar da ya bi ita ce dai hanyar da ke kaiwa ga Hausa a Windows 10: a shiga sashen saiti, a nemi wurin lokaci da harshe, a ƙara sabon harshe, a bar na'urar ta sauko da shi daga intanet, sa'an nan a fita a sake shiga. Kamfanin Microsoft ya tanadi Hausa, tare da Yarbanci da Ibo, a Windows 7 wadda ta fito a 2009, aka kuma ci gaba da samun ta a Windows 10, ba tare da biyan ko kwabo ba.

Wanda ke son ganin abin da wannan gafala ke haifarwa, ya tsaya a bayan yaron da ke buga takardu a ɗaya daga cikin shagunan bakin titi, ranar da aka kawo masa katin ɗaurin aure. Janareta na ruri a waje, mai kati na tsaye riƙe da 'yar takardar da malamin unguwa ya rubuta masa da hannu, yaro na bugawa, kowace kalma ya buga sai jan layi ya fito a ƙarƙashinta, domin na'urar ta ɗauka Ingilishi yake rubutawa yana ta tafka kuskure. Wani lokaci ma ta yi karambanin gyara masa, ta musanya kalmar Hausa da wata ta Turanci mai kama da ita. In ya iso kan suna mai ƙugiya, kamar Ɗanladi, sai ya buga shi babu ƙugiyar, ko ya rataya masa 'yar alama a gefe, ko ya kwafo harafin daga wani wuri ya manna, a fitar da takarda a tarar da ɗan akwati a gurbinsa, saboda salon rubutun da ya zaɓa bai san wannan harafi ba. A katin biki, abin bai wuce a yi tsaki a wuce ba. Amma a ƙaddara rajistar ɗalibai ce, ko jerin ma'aikata masu karɓar albashi, ko na manoman da za a raba wa taki: suna ɗaya ya shiga ta siga uku, na'ura kuwa ba ta san mutum ɗaya ba ne, in aka neme shi da siga ɗaya sai ta ɓoye sauran biyun, bawan Allah ya yi ta biyan kuɗin babur daga Sifawa ko Dandin Mahe ana ce masa babu sunansa.

Haka al'amarin kwanan wata yake. Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, mu kuwa rana muke gabatarwa. Saboda haka na'urar da aka bari a kan saitin Amurka, in aka shigar mata 3/4 da nufin uku ga Afrilu, huɗu ga Maris za ta fahimta, ta adana shi haka ba tare da ta ce uffan ba, kuma duk wanda ya taɓa zuwa kotu yin rantsuwa don gyara ranar haihuwa ya san tsadar irin wannan kuskure. Takardar da Amurkawa ke bugawa a kai ma ta ɗan fi tamu ta A4 faɗi, ta kuma gaza ta tsawo, alamar kuɗinsu kuwa dala ce. Duk waɗannan a wuri ɗaya ake gyara su, cikin 'yan mintoci, da zarar an sanar da na'ura cewa a Nijeriya take zaune. In kuwa Hausa aka zaɓa mata, sai ka ga Litinin da Talata a kusurwar allo, da alamar naira a lissafi. Ba na jin akwai mai hankalin da zai yi saɓani a kan wannan, ko da kuwa ya fi kowa ƙaunar Ingilishi.

Su kuwa haruffan nan masu ƙugiya, ba jiya aka ƙirƙiro su ba. Tun shekarun 1930 aka daidaita su a Zariya, zamanin Hukumar Talifi ƙarƙashin Dokta East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a Janairun 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta kai su duk inda ake karatun boko. Mutanen wancan zamani, da haruffan dalma suke ɗab'i, kowane harafi sai an zuba shi an jera da hannu, amma ba su ga wahalar ta isa ta sa su yar da ƙugiya ba. A yau haruffan suna cikin Unicode, wato babban kundin da na'urorin duniya suka yi ittifaƙi a kansa wajen tantance haruffa, kuma Windows da Linux duk suna da tsarin kibod na Hausa a cikinsu, sai dai a kunna.

Inda gardama take shi ne harshen da na'ura ke magana da mutum, wato umarnin da ke fuskarta da tambayoyinta da gargaɗinta. A nan kuwa ina ganin mutanen ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari ba su da buƙatar a kawo musu misali daga Sin ko Japan, ko da yake can ma da harshensu suke sarrafa na'urorinsu, domin hujjar tana cikin ƙasarsu. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yi masa rahama, ya zauna wasu shekaru yana karantarwa yana talifi, kafin ya koma Sakkwato a 1815. A Boɗinga kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya kafa gidansa, shi ne mai tafsirin Liya'ut Ta'awili, wanda ya yi talifi a nahawu da sarfu, wanda kuma ba a lissafin masanan Larabci na wannan nahiya a tsallake sunansa. Waɗannan bayin Allah, duk da zurfin da suka yi a lugga, da sun so da sai su ce duk mai neman sanin addininsa ya je ya koyo Larabci tukuna, in ya iya ya dawo. Amma Shehu ya yi wa'azi da Fulatanci da Hausa, ya yi waƙoƙi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta yi talifi da harsuna uku, ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta zuwa Hausa, ta shirya jajoji da 'yan taru su kai karatu ga matan ƙauyuka da harshen da suke ji. Larabci bai ragu da komai ba saboda haka. Hasali ma ta wannan hanya ce da yawa suka kai gare shi.

Shagari ma ta ba da nata shaidar a zamanin boko. Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda aka haifa a garin a 1925, malamin makaranta ne kafin ya zama ɗan siyasa, kuma a 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya da Hausa domin ɗalibai su riƙe labarin ƙasa da tarihinta cikin sauƙi. Tsarin mulkin 1979, wanda ya shugabanci ƙasa a ƙarƙashinsa, ya halatta gudanar da aikin Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarbanci tare da Ingilishi, bisa sharaɗin a yi tanadin da ya dace, na 1999 kuma ya maimaita haka a sashe na 55. Izini ya daɗe da samuwa. Tanadin ne aka yi ta jinkirtawa.

Masu saɓa mini suna da hujja mai nauyi, ba kuwa zan raina ta ba. Suna cewa tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a gaba ɗaya kan kwamfuta, da Ingilishi kuma ake yin ta, saboda haka yaron da ya saba da na'ura mai Hausa zai shiga ɗakin jarrabawa ya ruɗe. Sukan ƙara da cewa gwamnatin tarayya da kanta, bayan ta amince a 2022 da koyar da 'yan firamare da harshen uwa, ta janye daga wannan manufa a 2025. Amsata ita ce, abin da ke kayar da ɗan ƙauye a ɗakin jarrabawa, kafin a kai ga Turancin tambayoyi, shi ne tsoron na'urar kanta, da rawar hannu a kan kibod, da fargabar kada ya taɓa wani abu ta lalace a ce ya biya. Wannan tsoro kuwa da harshen da yaro ke ji ake cire shi, Turancin jarrabawa kuma a ajin Turanci ake koyonsa. Bugu da ƙari, ba a tilasta wa kowa zaɓen ɗaya ya bar ɗaya ba, domin kwamfuta guda tana ɗaukar masu amfani da yawa, kowa da mashigarsa da harshensa: a buɗe mashiga ɗaya da Hausa don masu farawa, ɗaya da Ingilishi don 'yan ajin ƙarshe. Sa'an nan ba kowane mai zama gaban kwamfuta ne ɗalibi ba. Akwai malamin Islamiyya mai son buga jadawalin karatu, da matar da ke koyon sana'a a cibiyar mata, da ɗan kasuwar albasa mai son tsare lissafinsa. Waɗannan babu jarrabawar da ke jiransu, haƙƙinsu ne kurum na'ura ta fahimtar da su.

Hujja ta biyu ita ce fassarar ba ta cika ba, kuma gaskiya ne: sassan da aka fi amfani da su ne aka fassara, in ka nutsa ciki sai Ingilishi ya sake bayyana, wasu kalmomin kuma suna da nauyi a kunne, musamman ga wanda ya tashi da Sakkwatanci. To, amma malamai sun ce abin da ba a samu dukkansa ba, ba a barin dukkansa. Isɗilahi ba ya nuna sai a bakin masu amfani da shi. Hausar fiƙihu da muke ji a yau kamar da ita aka haife mu, a zaure aka gina ta, malam na karanta Ahalari ko Risala yana fassarawa gaɓa gaɓa, almajirai na maimaitawa, shekara da shekaru, har kalmar da ta yi tsauri ta yi laushi, wadda ta ƙi zama kuma aka sauya ta. Hausar kwamfuta ba ta samu irin wannan zama ba, domin an fassara ta an ajiye, babu mai buɗewa balle ya yi gyara. Kada kuma a manta kamfani ɗan kasuwa ne, yana duba yawan masu amfani da kowane harshe duk lokacin da zai fitar da sabuwar manhaja. Windows 10 ɗin nan ma tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi mata, harshen da masu shi ba su nema kuwa babu abin da zai lamunce masa wurin zama a gaba.

Don haka nake ganin wannan aiki daga jinsin farali kifaya yake, wanda in wasu suka tsaya masa sun ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya bari laifin ya hau kan duka. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da Cibiyar Nazarin Hausa, ga kuma makarantar horon malamai mai ɗauke da sunan Shehu Shagari a Sakkwato. Su ne suka cancanci su tattara kalmomin da ke fuskar na'ura, su gwada su a kan ɗalibai da ma'aikata na haƙiƙa, su ware masu zama da marasa zama. Linux kuwa a buɗe take, duk mai iyawa yana da damar ba da gudummawar fassara ba sai ya nemi iznin wani kamfani ba, kuma ɗalibin Hausa da ke neman abin da zai yi kundin kammala digiri a kansa zai samu aiki mai fa'ida a nan. 'Yan'uwanmu masu Fulatanci, waɗanda ke da yawa a ƙasar Shagari da Boɗinga, mafi yawan haruffan nan masu ƙugiya tare muke amfani da su, don haka gyaran zai amfane su. Masu Ajami ma an fara tuna su, tun da a 2020 Unicode ta ƙara wasu haruffan Larabci da ake rubuta Hausa da su.

Sai dai matakin farko ya fi duk waɗannan sauƙi, kuma yana hannun ma'aikatar ilmi ta jiha da majalisun ƙananan hukumomin biyu. Duk lokacin da za a ba da kwangilar kawo kwamfutoci, a rubuta cikin sharuɗɗa cewa manhajar da ke kansu ta zama mai karɓar Hausa, a saita su a kan Nijeriya, a kunna musu kibod na Hausa, a buɗe mashiga biyu. Ranar miƙa kaya kuma a zaunar da malamin Hausa na makarantar, ya buga shafi guda mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ da kwanan watan ranar, a fitar da shi a firinta a duba, sa'an nan a sa wa ɗan kwangila hannu a biya shi kuɗinsa.